Makullin Tirelar Babakura

Abbaganaram, Maiduguri,
Cikin watan Zulƙida.

Zuwa ga ɗana Mikail,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Safinatu da yara, ya kuma yi wa aikinka na tashar jiragen ruwa albarka. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Gari ya ɗan lafa ba kamar watannin baya ba, ko da yake har yau ba a mayar mana da waya ba, kuma kafin in kai shagona a Kasuwar Kwastam sai 'yan gora masu tsaron gari sun tsayar da keken da na hau sun leƙa jakata, kamar turaren wuta ne zai tashi da su. Mamanka Ya Kellu ƙafarta ta yi sauƙi, har ta koma yi wa kowa faɗa, ka san kuwa lafiya ta samu. Ruƙayyatu matar ƙaninka Inuwa ta yi arba'in, jaririyar Ammatullahi kumatu kamar an hura. 'Yan uwanmu da suka gudo daga Konduga suna nan tare da mu, gidan babanka ya cika har zaure, tukunyar burabusko da a da ake ɗorawa ranar suna kawai ita ake ɗorawa kullum yanzu.

To, Tahir ya iso da saƙonka. Ya ce ka ce babanka ya haura saba'in, bai kamata a ce har yau yana jan tirelar shanu daga nan zuwa Legas ba, balle a wannan hanya ta Damaturu da kowa ya san halin da take ciki, don haka Inuwa ya ɗauke makullin motar ya ɓoye. Haba Mikail! Mutumin nan in ya sauke kaya a Agege gidanka yake zuwa, ka durƙusa, ka kawo masa ruwa, ka yi ta sannu Baba, ya hanya Baba, ba ka iya ce masa uffan. Sai ya juya baya ka ɗora wa ƙaninka abin da kai ka kasa ɗauka. Ban ce ba ka da gaskiya a tsoronka ba, ni ma ɗan'uwana ne uwa ɗaya uba ɗaya, kuma shi kaɗai ya rage mini. Amma hanyar da ka bi ba ta yi mini ba, kuma gara ka ji daga bakina.

Inuwa yaron kirki, ya bi maganar yayansa, ya tura makullin cikin buhun gero. Ka san abin da babanka ya yi? Ko tambaya bai yi ba. Ya duba ƙusar da yake rataye shi ya ga wayam, sai ya ɗauki tabarmarsa ya shimfiɗa a ƙofar gida ya zauna. Aka kai abinci ya dawo yadda aka kai shi, aka kai shayi ya huce a gabansa. Masu raguna da shanun layya suna ta aike, wai yaushe za a yi lodi, yana ce musu su tambayi masu gidan. Wallahi da na zo na gan shi, mutum ya rame a 'yan kwanaki kamar wanda ya tashi daga jinya. Nan take na sa Inuwa ya tono makullin, na ƙulle shi a haɓar zanena, na ce daga yau a hannuna yake, ba mai karɓa sai na ga zahiri da idona, ba da labarin Legas ba.

Ni dai tun farko ban yarda shekaru kaɗai ke sauke mutum daga mota ba. Tsufa ba ciwo ba ne. Babanka yana karanta Alƙur'aninsa ba tabarau, yana jin kiran sallar masallacin da ni ba na ji, kuma na tasa shi gaba har asibiti aka auna jininsa aka ce ya fi nawa kyau, abin da ya sa ya yi ta yi mini dariya a hanya. Tun kana goye yake kan titin nan, ko akuyar wani bai taɓa takewa ba. Yaran da suke watsa tireloli a rami ba masu furfura ba ne, masu shan ƙwaya don kar su yi barci ne. Amma na san ni mai sayar da turare ce, ba direba ba, sai na tafi wurin Manasse, abokin babanka tun suna samari. Za ka tuna shi, dogon nan mutumin Biu mai dariya kamar za ta fasa kwano. Shi ya ajiye tuƙi da kansa da yanar ido ta rufe masa ido ɗaya, yanzu faci yake yi kusa da Kasuwar Shanu, yana wuni yana juya tayoyin manyan motoci.

Manasse ya ce in don tuƙi ne, a duk garin nan ba wanda zai gwada wa babanka Babakura riƙon sitiyari. Ya ce amma hanyar ce ta canja. Yanzu direba yana cikin tafiya sai ya ga motoci suna juyowa a guje suna kunna masa fitila, ya san mutanen nan masu bindiga sun tare gaba. Ƙaramar mota nan take za ta juya. Tirela kuwa da dogon bodi ba ta da wurin juyawa a wannan titi, ko ta gwada sai ta gindaya ta toshe wa kowa. Saboda haka direbobi suka koyi abin da suke kira cire kai: ka dira, ka juya hannun ƙarfe har ƙafafun bodin su taka ƙasa, ka zare tiyon iska, ka finciko ƙarfen da ya kama kai da bodi, ka haye kan motar kaɗai ka juya ka tsere, shanu da bodi ka bar wa Allah. Ya ce a da yaran mota ke wannan aiki, yanzu iyaye sun hana 'ya'yansu bin hanyar, direba shi kaɗai yake. Wannan kuwa ba aikin ido ko gwaninta ba ne, aikin ƙarfin kafaɗa ne da sauri.

Washegari da hantsi na je na ce wa babanka ya taso ya nuna mini yadda ake wannan cire kan, wai ni ban taɓa gani ba. Ya dube ni ya ce Falmata tun kina yarinya ba ki iya ƙarya ba, amma ya tashi. Muka je filin da yake ajiye motar, Manasse na biye da mu, na kwance makullin na ba shi aro. Kai, Mikail, da ka ga ubanka! Yana hawa sai na ga wani mutum daban. Ya tayar da ita, ya yi ribas da wannan doguwar aba ya cusa ta tsakanin wasu tireloli biyu, inda ni ko amalanke ba zan yarda in tura ba, ba mai yi masa zo zo ko tsaya, madubi kawai yake kallo, hannu ɗaya a kan sitiyari. Direbobin da ke shan shayi a gindin dalbejiya suka miƙe suna wushe wushe Baba, wato sannu sannu. Ni kuwa har guɗa ta kusa kuɓuce mini a gaban maza.

Sai aka zo cire kan. Ya dira, ya kama hannun ƙarfen ya fara juyawa, ƙafafun suna sauka a hankali a hankali, na ga yana canja hannu, na ga gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Da ya zo finciko ƙarfen nan sai ya ja, shiru. Ya sake ja, shiru. Ya dafa ƙafa a jikin taya ya ja da iyakar ƙarfinsa, sai na ga hannunsa na dama ya saki da kansa, fuskarsa ta yamutse. Manasse ya matso, babanka ya ɗaga masa hannu wai kar ya taɓa. Daga ƙarshe dai ƙarfen ya fita, amma kafin nan mai shayi ya sallami mutane ya wanke kofuna. Kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Babanka ya zauna a kan wata tsohuwar taya yana haki, ya ce da mutanen nan ne, da sun iso sun huta har sun tambaye shi ko yana son taimako. Ba wanda ya yi dariya sai shi.

Na zauna kusa da shi na ce to Yaya, ka gani da idonka. Ya ce ai ba yau ya gani ba, tun bara ya san kafaɗar nan ta tafi. Na ce to don me kake wahalar da mu? Sai ya ce in ƙirga bakin da ke ci a gidansa. Ya ce motar nan dole ta fita, in ba ta fita ba tukunya ba ta hawa wuta, kuma a duk gidan mutum biyu ne suka iya jan ta, shi da Inuwa. Ya ce ranar da ya sauka, washegari Inuwa zai hau, ba sai an ce masa ba. Shi ya ci zamaninsa, ya aurar, ya ga jikoki, ya je Makka. Inuwa kuwa 'yarsa ko zama ba ta fara ba. Ya ce in hanyar nan sai ta ci mutum ɗaya daga gidansa, to shi ya riga ya zaɓa mata. Na ja mayafi na rufe fuska na yi kukana a gaban direbobi, ban ji kunyar kowa ba.

Na san abin da za ka ce, don na riga ka faɗa masa. Na ce a ɗauki direba, ya ce wanda ya hana ɗansa ba zai tura ɗan wani ba, kuma masu hankalin duk sun ƙi hanyar. Na ce a sayar da motar, ya ce wa ke sayen tirela a Maiduguri yanzu, kuma in an cinye ta sai a ci me? Abin da kake aikowa Allah ya saka maka da alheri, yana toshe ƙofofi da yawa, amma gidan ba yadda ka bar shi yake ba. Muna cikin haka sai Manasse ya ce shi fa ya gaji da zaman faci. Ya ce idonsa ne ya mutu, hannunsa kuwa ya fi na da, shi zai zauna a gefen Babakura, ɗaya ya yi tuƙi ɗaya ya cire kai. Na ce Manasse, da sunan nan naka na Kirista za ka bi wannan hanya? Ya ce mutanen sun daɗe da daina tambayar suna, kuma shi ma 'ya'yansa sun girma.

Ban sakar musu makullin haka kawai ba. Na sa suka maimaita a gabana, yau da gobe da jibi, har da kaya a bodin, ina tsaye da lema kamar mai duba jarrabawa. Babanka yana taka birki Manasse ya riga ya dira, kafin in gyara ɗaurin ɗankwalina kan motar ya rabu da bodi ya juya. Wani saurayin direba ya ce shi ma zai gwada, suka bar shi a baya yana fama da tiyo. Na kuma kafa musu sharuɗɗa, babanka ya amsa a gaban liman: ba fita sai rana ta ɗaga an ga motoci suna shigowa daga Damaturu, ba tuƙin dare ko a kudu, ba tafiya in Manasse ba ya nan, kuma ranar da ido ko ƙafar birki ta fara yi masa gardama, shi da kansa zai kawo mini makullin har shago. Ka san ubanka, in ya ce to a gaban liman, an gama. Jiya na ba shi abinsa, ya cinye tuwonsa har ya nemi ƙari.

Ba zan ce maka ba na tsoro ba, ƙarya ne. Amma zuciyata ta kwanta a kan abin da na yi, kuma ko gobe aka sake haka zan yi. Ba a sauke mutum daga sana'arsa don an ƙirga masa shekaru daga nesa. A zo a duba abin da ya rage masa da abin da ya tafi, wanda ya tafi a nema masa mataimaki. In kuma har yanzu kana kan bakanka, to ka faɗa masa da kanka, ka kuma faɗa masa wanda zai hau a madadinsa, kai ko Inuwa.

Ya Kellu tana gaishe ka, ta ce Safinatu ta aiko mata da man zafin nan. Inuwa da Ruƙayyatu suna gaisuwa, Inuwa bai san abin da babanku ya faɗa a filin mota ba, kar ka kuskura ya ji. Ka shafa mini kan Mu'mina da Suleiman, ka ce Gwaggo ta ajiye musu dabino. Takardar nan ban ba Tahir ba, babanka na ba, na ce turare ne da gaisuwa, ka san ba ya karatun boko. In har kana karanta ta, to ya ratso hanyar ke nan lafiya, yana zaune a ɗakinka. Ɗaga kai ka dube shi da kyau kafin ka buɗe baki. In ya tashi tafiya ka ɗauki jakarsa ta gefen dama, kar ka ce masa don me.

Allah ya tsare mana ku, ya kawo mana zaman lafiya a ƙasarmu.

Ni ce gwaggonka,
Falmata.