Injin Baba Ya Ƙi Tashi

Zuwa ga Uwata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ki gaishe mini da amaryata, ki ce mata in har yanzu haƙoran gaban nan ba su fito ba, na fasa auren. Ni kam jiki da sauƙi, ƙafar dama ta daina jan ƙasa, sai ɗan abin da ba a rasa ba.

Ban manta da sharaɗinmu ba, tunda kin sa na maimaita shi a gaban likita: in injin jirgina ya tashi, in ci gaba da fiton mutane a mashiginmu, in ya ƙi, in tattara in dawo wurinki birni, in zauna ana miƙo mini shayi kamar baƙon da ya manta hanyar gida. To, jiya na sa Dogo, abokin aikina, ya fito da injin daga ɗakin ajiya. Tun ranar da na faɗi yake jingine a can da mansa a ciki, don wanda aka ɗauka ranga-ranga ba ya tsayawa juye fetur. Da na buɗe tanki, wari ya buge ni kamar na tsohon fenti. Zanzaro ya yi gini a ramin da ruwa ke fita, ɓera kuma ya ɗanɗana tiyon mai. Muka rataye injin a bakin duro, farfela cikin ruwa. Dogo ya miƙa hannu zai ja, na ce ya bari, inji ya san hannun mai shi. Na ja igiya har ganina ya dushe. Ko tari bai yi ba.

Kada ki yi saurin share ɗaki. Wanda ya daɗe a kwance ba ya miƙewa da kira ɗaya, ni shaida ne.

Naki,
Baba

Zuwa ga Uwata,

Ina gaisuwa, ina kuma tambayar lafiyarku. Maganin da kika aiko ya iso, ina sha in na tuna.

Labarin inji dai babu daɗi. Na zubar da tsohon mai, na ɗauraye tanki, na haɗa sabon fetur da man inji yadda na saba tun kina goye. Na sauya tiyo. Na kwance fulogi, na same shi baƙi ƙirin, na sa sabo. Kafireto kuwa, mai haɗa fetur da iska, na baje shi a kan faranti, ciki duk danƙo kamar busasshiyar zuma, na bi ƙananan ramukan nan da siririyar waya. Yatsuna sun yi ta yi mini gardama, wani ɗan ƙusa ya faɗi cikin yashi, na wuni ina rarrafe kamar kaza mai kiwo kafin na gan shi. Na mayar da komai, na matsa robar mai har ta yi tauri, na ce bismillah, na ja. Ya ɗan yi gurnani ya koma barci.

Da yamma nakan zauna a bakin gaɓa ina kallon jiragen su Dogo suna kai da komo. Matan kasuwa da suka saba shiga nawa sukan tsaya su yi mini ya jiki, sa'an nan su wuce su shiga na wani. Ba laifinsu ba ne, kaya ba ya jiran mai jinya. Amma Uwata, ban san zama a tudu yana da nauyi haka ba.

Na aika wa bakaniken nan da muke kira Gobe. Ya ce zai zo gobe.

Naki,
Baba

Zuwa ga Uwata,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Ki zauna kafin ki karanta, ko da yake abin da kike so ne.

Gobe ya zo. Ya duba fulogi, ya leƙa kafireto, ya ce aikina ba shi da gyara. Sai ya naɗe igiya a hannu, ya fizga sau ɗaya kamar mai korar ƙuda. Injin ya tashi. Hayaƙi ya turnuƙe tsakar gida, ruwan duro yana tafasa, muryarsa garau kamar ranar da na saye shi. Na yi dariya har da hawaye. Na ce ya kashe in tayar da kaina. Na ja, shiru. Na gyara tsayuwa na ja, shiru. Ya karɓa, ya tashi. Na karɓa, shiru. Ashe inji yana son fizga, ni kuwa hannun daman nan sai dai ya ja a hankali, kamar mai jan guga. Na gwada da hagu, na kusa kifewa cikin duro.

Gobe ya ce ai ba komai, kowace safiya sai wani ya tayar mini a bakin gaɓa. Na tambaye shi wa zai tayar mini in ya mutu a tsakiyar kogi, ruwa na ja, ga mata da goyo a jirgi. Ya sunkuyar da kai yana goge sifana.

A bisa sharaɗinmu na ci, don inji ya tashi. Da na ga dama da na rubuto miki haka kawai na yi shiru. Amma 'ya'yan mutane nake ɗauka.

Da la'asar na ji Gobe a mashigi yana gaya wa 'yan fito, da ƙarfi yadda kowa zai ji, wai injin Baba ya gagare shi, ya mutu murus, sai dai a sayar da ƙarfen. Dogo ya yi ta yi masa tsiya, yana cewa dama bakaniken keke ne. Gobe ya tsaya ya shanye, bai ko dubi inda nake ba. Ni ban roƙe shi ba, ban kuma ƙaryata shi ba.

Ki ce wa maigidanki ya zo da mota ranar da ya samu sarari. Kayana ba su da yawa. In ya iso, kada ya biyo ta mashigi.

Allah ya yi muku albarka.

Naki,
Baba