Zobban Ƙarfe na Jirgin Sawakin

Jarwal, Makka
Rajab, 1384

Zuwa ga Yaya Ɗanjuma,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Yaya ƙafar Inna? Ni ƙalau nake, kada ku damu.

Ka tambayi sana'ata. Ƙira ce dai, irin ta gidanmu. Wani Balarabe yana da jirgin ruwa a Jidda, irin wanda iska ke turawa. Ya sa aka rage tsawon itacen tsaye mai riƙe zanen da ke tare iska, aka fere na kwance, yana son sababbin zobba da ƙugiyoyi na ɗaure igiya. Ni ba na iya zuwa in auna. Ba ni da iƙama, wato takardar zama, kuma 'yan sanda na tare hanya. Sai ya aiko mini zare mai ƙulli da ke nuna kaurin kowane itace.

Na ƙera zobban da matsi, yadda Baba ke sa wa ƙota. Ashe itacen teku kumbura yake yi, na kwancen ya tsage. Balaraben ya zo ya zazzage ni a gaban mutane. Na haɗiye, don wanda ba shi da takarda ba ya ɗaga murya. Na sake wasu, sun zauna daram.

In ka sami mai tahowa, a aiko mini daddawa.

Inna ta tambayi ranar dawowata. Ka ce mata tana tafe. Jirgin nan Sawakin ta Sudan yake zuwa, Yaya, hanyar gida. Ƙarfena ya haye teku ya dawo, ni ko ruwan ban gani ba.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninka,
Wada