Motar Baba ta zama gado

Assalamu alaikum Yaya Sale,

Ya aiki, ya ciwon bayanka? Ya Anti Rabi da yara? Mu a Akurba lafiya lau, ban da zuciyata.

Fijo 504 ɗin marigayi Baba, wadda kaji suka shekara suna ƙwai a ciki, na tayar da ita. Shekara biyu ina tsintar kayanta wajen 'yan gwangwan, kabireto ma sai Assakio na samo. Kujerun da tsohuwar katifata na cika su. Ranar Juma'a ta tashi, Yaya, bugu ɗaya!

Washegari Kawu Ɗanladi, mai cewa kullum, "Kai, bar wasa da bola," ya zo da dillali. Wai gado ce, a sayar a raba. Na ce da take bola ina magadan suke? Aka ce ba ni da kunya.

Maganarka ba za ta hana ba, sun gama ciniki. Na dai kwance sitiyarin, inda tafin hannun Baba ya cinye fatar. Shi ba mai raba shi.

Ka yi mini addu'a kar bakina ya ja mini. Gai da Anti.

Ƙaninka,
Isiyaku