Hannun Baba a Zanen Mai Fensir

Zuwa ga Yayana abin ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwa ta 'yan'uwantaka, tare da roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka da iyalinka cikin ƙoshin lafiya, ya ƙara maka ƙarfin jiki a kan aikin nan naka da ba ya ƙarewa, ya raya mana zuri'a baki ɗaya. Mu ma nan muna lafiya, sai abin da ba a rasa ba. Baban yara ciwon bayansa ya yi sauƙi tun da ya daina ɗaukar abin da ya fi ƙarfinsa don a ce masa jarumi. Na san za ka yi mamakin ganin takarda a wannan zamani. Dalili shi ne duk sanda na kira ka sai ka ce kana tsakiyar aiki za ka neme ni, kuma ni da kai mun san inda wannan alkawarin yake ƙarewa. Maganar da ke bakina ba ta tsaye-tsaye ba ce, don haka ka samu wuri ka zauna.

Maganar Baba ce, amma sai na faro maka daga 'yarka, wato 'yata ta fari, wadda Baba ya raɗa wa Mai Fensir tun tana ɓata mana bango da zane. Ka san bana take gama karatunta na fim ɗin zane, irin wanda ake zana hoto bayan hoto har ya yi motsi. Malaminsu ya ba su aikin ƙarshe, ya ce kowa ya nemi mutum ɗaya da ya sani, ya yi ɗan gajeren fim a kan hikimar zamansa da abin da ya sa rayuwarsa ta gamsar da shi. Ita ko tunani ba ta tsaya yi ba ta ce kakanta za ta yi, don ba ta taɓa ganin wanda ke murnar wayewar gari saboda zai buɗe shagon aski ba sai shi. Baba ya yi ta fankama, wai ya shiga fim da tsufansa, har sabon tawul ya saya.

Ta yi makonni tana zuwa shagon da wayarta tana ɗaukarsa. Shagon yana nan yadda ka bar shi: kujerar nan mai ƙara, madubin da ya dushe ta gefe guda, da bencin masu jiran layi waɗanda rabinsu hira ce ta kawo su ba aski ba. Ya yi ta ba ta abin da ya sani. Ya gaya mata ba ya ɗora aska a fuskar wanda ya shigo da fushi, sai ya ja shi da hira yana kaɗa kumfa har ya ga kafaɗunsa sun sauka. Ya ce idan mutum ya rufe ido a kujera, to ba hira yake so ba, sai ka kama bakinka. Ya ce bai taɓa maimaita wa wani abin da aka faɗa masa a ƙarƙashin tawul ba, shi ya sa yake barci lafiya. Yarinya ta dawo gida kullum tana rawar kai, ta ce fim ɗinta ya riga ya haɗa kansa.

To ga yadda aikin nasu yake, don sai ka gane shi za ka gane abin da ya same mu. Abin da ta ɗauka da waya take sawa a kwamfuta, ta tsayar da shi, ta bi layin jikin mutum ta zana, ta matsa gaba kaɗan ta sake zanawa, haka har motsin ya cika. Abin da ido ke gani ya wuce cikin ƙiftawa, ita sai ta yini tana kallonsa. Da ta zo kan hannun Baba na dama yana riƙe da aska, sai layin ya ƙi zama wuri ɗaya. Ta ɗauka hannunta ne, ta goge ta sake, ta kuma sakewa. Ta kai wa malaminta, ya duba ya ce zanenta daidai ne, hannun da take bi ne yake rawa. Daga nan ta lura da wani abu kuma: kafin Baba ya ja aska, sai ya kafa ƙaramin yatsansa a kuncin mutum ya tokare hannun. Yaya, ashe ya daɗe yana fama yana ɓoyewa, mu da muke tare da shi ba wanda ya gani.

Ita a ganinta wannan ne ma ya fi komai kyau a fim ɗin, wai ga tsoho ya samo wa hannunsa dabara. Ƙuruciya ke nan. Ba ta gaya wa kowa a gida ba, ta zana shi yadda yake, har ta rage wa wurin gudu don a gani sosai, tana so ta ba mu mamaki. Ranar hutu da yamma ta ce mu taru a falo mu kalli abin da ta yi zuwa yanzu. Baban yara kuwa, da ba a aike shi ba, ya je ya gayyato abokan Baba biyu, tsohon direba da mai shagon magani, waɗanda Baba ke yi wa aski tun kafin a haife mu. Da farko an sha dariya, don ta zana kunnuwan Baba ba ta rage musu komai ba. Da aka zo wurin hannun, kowa ya ƙura ido. Ga aska a maƙogwaron mutum, ga yatsu suna kyarma a hankali, manya-manya a fuskar talabijin. Mutumin da ke kujerar a zanen kuwa direba ne. Na ga ya kai hannu ya shafa wuyansa, bai ma san ya yi ba. Sai ya so ya gyara da wasa, ya ce ashe Allah ne ke tsaronsa duk shekarun nan. Ba wanda ya yi dariya. Baba ya yaba wa yarinya launin da ta yi wa shagon, ya ce ta iya, ya nemi takalmansa.

Washegari bai buɗe shago ba. Ya je ya naɗe asakensa da almakashi a tawul, ya rufe ƙofa, ya kawo mini mabuɗi ya ce in ajiye. Na yi magiya har na gaji. Na tuna masa bai taɓa yankar kowa ba, ya ce ai ba zai jira sai ya yanka ba. Na ce ya riƙa yin na inji kawai ya bar aska, ya kalle ni kamar na zage shi. Direba ya zo da kansa ya zauna a ƙofar ɗaki, ya ba da haƙuri, ya rantse ba wanda zai taɓa masa fuska sai Baba. Baba ya yi masa godiya, ya ce masa, "Hannunka ya riga bakinka magana, kuma hannunka ne ya yi gaskiya." Mai shagon magani ya ce akwai irin wannan rawar hannu da likita kan iya sassautawa idan an je da wuri, amma da na ɗauko zancen asibiti sai Baba ya juya fuska bango ya ce shi ba ciwo yake yi ba.

Yarinyar kuma ta ci kuka ta ƙoshi. Ta daina taɓa kwamfutar, ga lokacin miƙa aiki ya ƙarato, in ba ta miƙa ba sai ta maimaita shekara. Ta je ta durƙusa gabansa ta ce za ta sake zana hannun ya tsaya cak, ba wanda zai sani. Ya hana ta. Ya ce mata, "Kada ki taɓa shi. Ba ki yi mini ƙarya ba, kada ki fara yanzu." To ita ba ta da zuciyar kai wa malamai abin da ya rufe wa kakanta shago, shi kuma ya hana a gyara. Banda haka fim ɗin ba shi da ƙarshe, don ta ajiye babbar tambayar ce sai a ƙarshe, ta tambaye shi mene ne ya sa ya gamsu da rayuwarsa. Jiya na tura ta ta tambaya, ina zaton ko zancen zai motsa shi. Ya ce ta dawo wani lokaci.

Yaya, na rasa inda zan sa kaina. Haushin baban yara nake ji, in juya in ji na malamin, in juya in ji na direba, amma in na zauna na duba sai in ga ba wanda ya yi mugunta a cikinsu. Ba wanda zan kama in yi wa faɗa in huce. Baba yana nan a ɗakinsa, ya ci kaɗan ya ture kwano, ya zauna yana kallon hannunsa a kan gwiwa. Ina jin tsoro ƙwarai, don ban san me ya rage masa ba in an cire shagon nan.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne abin da na gani yau da safe. Na kai masa ruwa, hasken taga ya faɗo masa a fuska, sai na ga ƙasumba fara fat ta rufe masa kunci da haɓa. Tunda nake ban taɓa ganin Baba da gashin kwana ɗaya ba. Ashe ko a fuskar kansa ya daina yarda da hannun. Na ce bari in kira mai askin da ke bakin titi ya zo gida, ya ce kada in soma. Na ce to haka zai zauna? Sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Mutum ɗaya na koya wa riƙon aska yadda nake so, shi kuma ya yi nisa." Kai yake nufi. Bai ce in kira ka ba, kuma ka san ba zai taɓa cewa ba. Ni ce nake roƙonka ka nemi hutu ka zo, ko na 'yan kwanaki ne. Ban ce zuwanka zai buɗe shago ko ya gama fim ɗin yarinya ba. Amma in ya zauna a kujera ya miƙa maka wuyansa, wataƙila ka ja shi da hira har kafaɗunsa su sauka, ka yi masa zancen likita ya ji. Ni dai na yi iyakar abin da na iya, gashin kuma kullum ƙaruwa yake yi.

Ka gaida mini matarka da kyau, ka ce mata ina sane da alherinta. Ka gaida babban ɗanka da ƙannensa, da surukarka in ta ji sauƙin ƙafar. Baban yara yana gaishe ka, kansa a sunkuye. Mai Fensir ma tana gaisuwa, ta ce in roƙe ka kada ka yi fushi da ita. Allah ya kawo mana kai lafiya, ya ba Baba sauƙi.

Ƙanwarka da ke zuba ido a hanya.