Na juye wa kaskon Gwaggo buta a ɗakin asibiti

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin a sakaya sunana, Tudun Wadar Sakkwato ba ta da faɗin da mutum zai ɓuya. Don Allah ku ba ni shawara, amma mai shirin ce mini "na gaba na gaba ne" ya riƙe abinsa, na ji har kunnena ya ƙoshi.

Ina da ƙane, autanmu, iyayenmu duk sun rasu. Da ciwon zuciya aka haife shi, likitoci sun ce huda ce a cikinta, jinin yana gauraya. Tun ina goya shi leɓensa baƙi-baƙi yake, in ya ɗan yi gudu sai ya tsuguna yana haki. An sha cewa ba zai yi rai ba, ga shi yau ya haura talatin har da gemu. Gidanmu mahauta ne, shi kuwa ba ya iya fiɗa, sai aka bar masa shafa wa kilishi yaji, yana zaune a inuwa yana tsokanar masu wucewa.

Kwanan baya mura ta zagaye unguwa, kowa ya yi ya miƙe, shi ta kwantar. Zazzaɓi, tari, sai numfashi ya fara gagararsa, na jefa shi a keke sai asibiti. Ni sai da na aurar da ɗiyata ta fari na shiga makarantar manya, ban yi zurfi ba, amma in likita na magana tsayar da shi nake sai na gane. Ya ce murar bairos ce ta sauka huhu, kafso ba ya kashe ta, sai dai a tallafi numfashinsa har jiki ya yi nasa yaƙin. Suka ɗaura masa takunkumin da ke tura iskar oksijin da ƙarfi, ko ƙarin ruwa ɗigo-ɗigo suke yi, wai in ya yi yawa zuciyar ba za ta ɗauka ba. Ya ce suna ƙoƙarin kada a kai ga zura masa bututu a maƙogwaro, don zuciya irin tasa ba ta shiri da wannan injin. Ya kuma hana 'yan dubiya.

Kun dai san mu da dubiya. Mahautan layinmu, mata da kwanonin fura, kowa sai ya shiga ya dafa goshinsa. Na kafe a ƙofa ina karɓar gaisuwa a baranda, aka fara cewa na zama maigadi. Ban kula ba.

Ranar da abin ya faru na fita alwalar la'asar. Ina dawowa na ji ƙaurin tazargade tun daga baranda. Ashe Gwaggo, ƙanwar babanmu, ta faki idon nas ta shigo da kasko a ƙarƙashin hijabi, da garwashin da ta roƙo wurin mai shayi a bakin get. Ta ɗage masa takunkumin wai hayaƙin ya shiga da kyau, ga tukunyar oksijin a gefenta, na'urar da ke auna numfashinsa tana ta kuka, fuskarsa ta koma kamar toka. Butar da ke hannuna na juye a kaskon gaba ɗaya, ruwa da toka suka wanke mata zane, na mayar da takunkumin na kwarma wa nas kira. Da ƙyar suka daidaita shi. Gwaggo ta fita tana kuka, wai da wannan hayaƙin ta raini "wanga yaro" tun ban san hagu da dama ba. Na san don so ta yi, ban taɓa musu ba. To so ɗin ya kusa kashe shi, wuta kusa da oksijin ta kusa ƙone ɗakin da marasa lafiyar da ke ciki.

Baffa, yayan babanmu, ya kira ni gaban dangi. "Malama likita," in ji shi, "mi aka koya miki a ajin tsofaffi, wanke iyaye da buta?" Ya ce abu biyu: in durƙusa wa Gwaggo, sannan a mayar da yaro gida, in ajali ne ya same shi a ɗakinsa cikin danginsa. Na ce Baffa, rubutu da addu'a ku kawo, ni zan ba shi da cokali, amma wuta ba ta ƙara shiga ɗakin nan, shi kuma ba ya fita. Ya ce in na ƙi, kada a sake ganin ƙafata a gidan ubana. Maigidana ma cewa ya yi in bi manya, na ce masa ba ƙanensa ne a gadon ba.

Shi mai ciwon, magana ɗaya zai yi sai ya huta. Ya ja hannuna ya ce, "Yaya, kin yi wa Gwaggo wanka," yana son dariya tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce kada in bari a fitar da shi, yana jin tsoro. Nas ta ce baligi ne, ba mai ɗauke shi sai da yardarsa. Nan ne damuwata. Bai taɓa ce wa Baffa a'a ba, in Baffa ya tsaya a kansa kai kawai zai gyaɗa. Baffa kuwa ya aiko cewa gobe yana tafe da mota.

Durƙuson ba ya ba ni tsoro, gwiwata ba za ta karye ba, zan yi wa Gwaggo har gaban kowa. Amma na san Baffa, in na durƙusa zai ɗauka na sallama duka biyun. To ku faɗa mini, in nemi limamin unguwarmu ya tare shi tun a gida, ko in sa masu gadin asibiti su tsayar da yayan ubana a get, gari ya ɗauka? Masu aikin asibiti da ke nan, akwai yadda likita zai yi magana da shi? Ku amsa da wuri. Ko kun amsa ko ba ku amsa ba, in motar ta iso a ƙofar ɗakin za ta same ni.