Ka Zo Kafin A Daka Irin

Zuwa ga ɗan farina,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da ban taɓa gani ba. Mushen lakwal ɗin garinmu, wato malamin makarantar boko, shi ke rubuta mini wannan wasiƙa. Na ce ya sa ta inda jama'a ke karantawa, tunda wayarka kullum wata mata ce ke cewa ba ka kusa.

Damina ta sake ƙi. Gero ya kai gwiwa ya ƙone a tsaye. Daga nan har Hamdara ba mai dami ɗaya. Uwarka 'ya'yan anza masu ɗaci na daji take jiƙawa, jikokina na ci suna kuka.

Ka tuna rumbun bayan ɗaki? Ciki na ɓoye ka ran da aka zo ɗibar yara lakwal. Ƙaiƙayi ya sa ka atishawa, dogari ya jawo ka ta ƙafa. Har yau ban ce na yi kuskure ba.

Aka ce kana rubuta wa kwamfuta abin da za ta yi, tana bi. Na ce to. Aka ce ka zama shugaban kamfani, in ka shigo mutane na miƙewa. Na ce to. Yanzu wai ka bar wannan, manya kake koya wa kasuwanci cikin aji. Kakanka da jaki ya kai kanwa Kano, ba wanda ya zaunar da shi kan benci. Kowa ka koya masa, kowa ka ja masa gaba, ban da gidan da ka fito.

Shinkafar da ka aiko ta iso, yara sun ci, ta ƙare. Ni ban sa ta a baki ba, ba kuma ita nake roƙo ba.

Maganar tulun iri nake. Geron nan mai saurin nuna, wanda ubana ya danƙa mini hannu da hannu, yadda nasa uban ya yi masa. A gidanmu ɗan fari ake danƙa wa. Ba a aikawa a mota, ba a ba ƙane.

Ƙanenka Illiya ya ce, "Baba, iri ko yara?" Na ja tulun zuwa ɗakina, na zauna bakin ƙofa da sanda, ni da sai an kama ni nake tashi. Jiya ƙaramar 'yarsa ta zo ta tsaya tana kallon tulun. In ta sake zuwa, ban san abin da hannuna zai yi ba.

Ka zo ka karɓa, ɗana. In ka karɓa ka ce a daka, a daka, naka ne. Kada dai ka bar ni in zama wanda iri ya ƙare a hannunsa.

Tun haihuwarka bakina bai taɓa kama sunanka ba, don kunyar ɗan fari. Yau na faɗa da ƙarfi don mushe ya rubuta, har uwarka ta rufe fuska. Habu. Habu, ka zo.

Allah ya saukar da ruwa, ya raya yaran nan, ya juyo da ƙafarka gida ina da sauran numfashi.

Ni ne ubanka,
Ɗan Tanin