Baba a Ƙarshen Sahu

Daga Daura

Zuwa ga Yaya Ma'aruf,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Anti Zakiyya da yara. Ya aiki, ya ruwan Fatakwal?

Na zaɓi takarda ne saboda a waya Baba yana kusa, ka kuma san kunnensa bai tsufa ba. Yaya, Baba ba shi da lafiya, duk da kullum ce maka yake yi garau yake. Tun bayan babbar salla yake ɗashewa. Tafin hannunsa fari fat, harshensa ya yi ja ya yi sulɓi har yaji ya gagare shi. Ƙafafunsa kuwa, ya ce kamar kan auduga yake takawa. Ko alwala yake yi, da ya rufe ido zai wanke fuska sai ya tafi gefe.

Ranar Laraba ya kakare a sallar magariba, a surar da shi ya koya mana ita, sai da Suhaibu ladan ya tuna masa. Yanzu unguwa ta ɗauka, wai ruɗewar tsufa ce, a sauke shi daga limanci. Maganar nan ta fi ciwon cin sa. Inna ta ce jini ne ya yi ƙasa, ta tsare shi da zoɓo safe da yamma, wai tunda ja ne jini zai koma. Gidanmu ya zama kamar marina. Gobe zan kai shi asibiti, ko yana so ko ba ya so.

Ka gaida kowa.

Ƙanwarka,
Safiyatu


Yaya Ma'aruf,

Sallama da fatan alheri. Ya jikin autarku?

Inna ta canki rabi. Jinin ne ya yi ƙasa, amma ba aikin zoɓo ba ne. Likita ta ce akwai wani sinadari, bitamin B12, da ɓargo ke buƙata kafin ya ƙera jini, cikin Baba kuma ya daina tsotsarsa daga abinci. Ko rago guda ya cinye, wucewa zai yi. Rashinsa ne ya taɓa jijiyoyi, har da mantuwar. Magani allura ce, kuma har ƙarshen rayuwa.

Ka san Baba da allura. Ya kawo uzuri kala-kala, amma da aka ce haddarsa za ta iya dawowa, da kansa ya miƙe ya bi nas. Na yi dariya, da na fito waje kuma na yi kuka. Likita ta ce ciwon ya daɗe yana cin ƙafafun, ba ta yi mana alkawari a kansu ba. Suhaibu ne ke jan salla kafin a gani.

Inna tana gaishe ka, ta ce ba ta daina zoɓonta ba.

Taka,
Safiyatu


Yayana,

Assalamu alaikum. Ina fata kun sha ruwa lafiya, ya ibada?

Fuskar Baba ta ciko, ya koma cin yaji da yi mana faɗa. Ƙafafun dai sun ƙi. Ya gwada tsayuwa a ɗaki, raka'a ɗaya ta gagare shi sai da bango. Ranar Juma'a ya tara dattawan unguwa a zaure, ya ce liman ba ya jan masu tsayuwa yana zaune, ya miƙa wa Suhaibu limancin da bakinsa. Da ya shigo gida bai ci abinci ba. Ban taɓa jin tausayinsa kamar ranar ba.

Yanzu kujera ake ajiye masa a ƙarshen sahu. Jiya a tarawihi ina ɓangaren mata, Suhaibu ya tsallake aya, babu wanda ya lura sai mutum ɗaya. Daga can gefe muka ji muryar Baba, tar, ya kawo ayar har ƙarshenta. Inna tana kusa da ni. Da aka sallame sai ta juya tana duban matan unguwa ɗaya bayan ɗaya.

Allah ya karɓi ibadarmu, ya haɗa fuskokinmu da salla.

Ƙanwarka,
Safiyatu